Karatun ruwan noma: wane kwas zan cike, kuma ana riƙe gida da shi?

Abba_Bunkure:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na gama sakandare ɓangaren kimiyya, ina shirin cike JAMB. Raina yana kan harkar ruwan noma, wato ban ruwa da madatsu da yadda za a ƙara amfanin gona da ruwan da ke hannu. A gida an fi so in nemi likitanci, wai wannan fannin ba shi da wurin aiki sai hukumar kogi. Wane kwas zan cike? Me ake yi a aikin a zahiri? Kuma mutum yana riƙe gida da shi? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ƙofofin shiga uku ne. Ta farko injiniyancin aikin gona, inda akwai reshen ƙasa da ruwa; ana yi a ABU Zariya da BUK da Jami'ar Maiduguri da ta Minna. Ta biyu injiniyancin albarkatun ruwa da muhalli, ABU tana da sashe na musamman a kansa. Dukansu shekara 5 ne, a aji huɗu ana fita koyon aiki na wata 6, kuma a JAMB Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri za ka rubuta. Ta uku digirin aikin gona, ka karkata ga kimiyyar ƙasa ko ta shuka. In jami'a ba ta samu ba, akwai difloma a kwalejojin fasaha da na aikin gona, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ya bi ta injiniyanci, bayan ya yi wasu shekaru yana aiki zai nemi rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, ita ce ke ba shi damar sa hannu a zane.

Bambancinsu: na albarkatun ruwa ya fi sanin dam da kanal da lissafin ambaliya. Na injiniyancin gona ya fi sanin ruwan daga ƙofar gona zuwa saiwar shuka. Tunda ka ambaci ƙara amfanin gona, na injiniyancin gonar nan ya fi kusa da abin da kake so.

Malamin_Gona_Kura:
Abba, kafin ka cike komai ga gwaji. Je ka bakin ƙaramin kanal ɗin da ke ba gonakin unguwarku ruwa, da tef da agogon waya da ɗan busasshen kara. Auna mita 10 a inda kanal ya miƙe sak. Jefa karan, ka ga sakan nawa zai yi kafin ya ci mita goman, ka maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici. A ce sakan 25 ne, gudun saman ruwa ya zama mita 0.4 a sakan. Ruwan ƙasa da na gefe ba ya gudu kamar na sama, don haka ka ninka da 0.8, ka sami 0.32. In faɗin ruwan rabin mita ne, zurfinsa santimita 20, ka ninka su ka sami 0.1. To 0.1 sau 0.32 ya ba ka mita kubik 0.032, wato lita 32 kowane sakan.

Sai ka riƙe wannan har abada: milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ne. In alkama na son milimita 50 a shayarwa guda, mita kubik 500 ke nan, kanal ɗin nan zai kawo shi cikin awa 4 da ɗan kai. Amma ban ruwan kunya da fangali yakan yi asarar kusan kashi 40 cikin 100, wani ya nutse ya wuce saiwa, wani ya zube lambatu, saboda haka awa 7 za ka ware. In ka yi wannan ka ji daɗinsa, aikin naka ne. In ka ji ya gundure ka, ka sake tunani, don rabin aikin wannan ne.

Hajiya_Auyo:
Malamin gona ya faɗi rabi, ga ɗaya rabin: mutane. Ɗana, ruwan da ya fito daga dam ɗin Tiga bai san gonar kowa ba. Wanda ke bakin ƙofa yakan cika fangalinsa har ya tumbatsa, na ƙarshen layi shinkafarsa na murɗewa don ƙishi. Da dare a fasa bakin kanal, a karya kwaɗon ƙofa, a tare ruwa da buhunan yashi. Babu lissafin da ke gyara wannan sai ƙungiyar masu amfani da ruwa mai ƙarfi, wadda ke da jerin sunayen manoma da girman gonar kowa, da jadawalin kwanakin kowane layi, da ranar gayyar yashe kanal kafin a saki ruwa, da tara ga wanda ya saci ruwa, da littafin kuɗin ruwa da kowa zai iya dubawa. Jami'in da ya iya zama da mai unguwa da shugabannin manoma ya tsara wannan, ya fi wanda ya iya zana dam amfani a yau.

Dan_Mafara:
Gaskiyar Hajiya. Bakolori ta isa darasi. An gama dam ɗin a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka tsara ban ruwan hekta 23,000, mafi yawansu da na'urar feshin ruwa mai aiki da famfo da lantarki. Rikicin filaye da diyya ya kai ga asarar rayukan manoma a 1980. Daga baya na'urorin feshin suka tsaya saboda wuta da kayan gyara, ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa shi ya ci gaba da aiki. Na ƙasan dam kuwa, da suke noman shinkafa da ambaliyar damina, ruwan ya rage musu. Zanen bai tambayi wanda zai biya wuta ba, bai tambayi wanda zai gyara ba.

Injiniya_Samaru:
Hajiya, ina tare da ke, amma kar yaron ya ɗauka lissafin ba shi da muhimmanci. Ƙungiya ba za ta raba ruwa da adalci ba in ba ta san nawa ke shigowa ba. Jadawalin da aka yi da ka, shi ke haddasa faɗan. Ka'idar da aka saba zanawa da ita ita ce kimanin lita 1 a sakan ga kowace hekta, wanda ya yi daidai da milimita 8.6 a yini in ruwa na gudu dare da rana. Kanal mai lita 32 ba zai ɗauki hekta 60 na shinkafa a watan Afrilu ba ko da manoman waliyyai ne. Dole wani ya faɗa musu tun watan Nuwamba, a rage fili ko a sauya shuka.

Sani_Gashuwa:
Ku na sama kuna maganar raba ruwa a gandarin noman rani irin na Kadawa, mu na ƙasa mu ke ganin sakamakon. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar da, ambaliyar damina kuma ta ragu. Ruwa maras zurfi da ke kwance duk shekara shi kachalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, ruwa ya bar hanyarsa ya kwanta a gonaki da garuruwa ta wani ɓangaren, wani ɓangaren kuma ya rasa. Tsuntsayen jan-baki su kwana a cikinta su wayi gari a gonar shinkafa. Abba, akwai aiki a nan na auna kogi: sandar awo a gadoji, karanta tsayin ruwa safe da yamma, taswirar inda kachalla ta ci ta hoton tauraron ɗan'adam. Yankanta ma da ilimi: a ƙarƙashin ruwa ake yanka ta, ruwa ya rufe kututturen ta shaƙe. In aka yanka a sama ko aka ƙona aka bari, sai ta tofo fiye da da.

Bakanike_Wudil:
Duk kun tafi gwamnati da manyan dam. Ƙanina, je ka fadama ka ƙirga injinan ban ruwa. Yawancin noman rani a Arewa da ƙaramin injin mai inci 2 ko inci 3 ake yin sa, daga kogi ko rijiyar tiyo da aka haƙa da ruwa. Nan kasuwar take, kuma nan asarar take.

An rubuta wa injin inci 3 lita 1,000 a minti, amma wannan in ba ya jan ruwa daga zurfi ba ya tura shi nesa ne. Ka gwada da duro mai lita 200: in ya cika a sakan 20, lita 600 yake bayarwa a minti. Mita kubik 500 ɗin da malamin gona ya lissafa zai ci awa 14, fetur lita 14 zuwa 20 a shayarwa guda. Abubuwan da ke cinye ƙarfinsa: tiyon zuƙa da ke shan iska a mahaɗa, rariyar gindi da ta toshe, yashi da ya cinye fankar ciki, da doguwar mesa siririya mai lanƙwasa. Sannan injin da ke zaune a sama ba ya jan ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, ko wane kamfani ya ƙera shi, nauyin iskar sararin sama ne ya ƙayyade haka. Shi ya sa a watan Maris in ruwan rijiya ya ja baya ake haƙa rami a sauke injin ƙasa. Kuma kar a tayar da shi ba a cika cikinsa da ruwa ba, sil ɗin zai ƙone.

Maryam_Sola:
Ƙari kan na Bakanike. Yanzu tsadar fetur ta tura manoma ga sola, kuma mafi yawan masu sayarwa ba sa lissafi, girman aljihun manomi suke dubawa. Lissafin bai da wuya. Ninka mita kubik ɗin da ake so a yini da tsayin da za a ɗaga ruwan, ka raba da 367, ya ba ka kilowat-awa. Hekta 1 mai shan milimita 6 a yini, da asarar kunya, tana son kusan mita kubik 100. In tsayin mita 10 ne, 100 sau 10 raba 367 ya zama 2.7. Famfo da na'urarsa ba sa mayar da fiye da rabin wutar ruwa, sai ka ninka biyu, kusan 5.5. Rana mai ƙarfi awa 5 ce a yini, ka ƙara rarar zafi da ƙurar hunturu, za ka tsaya wajen kilowat 1.5 na faifai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna tsayi daga inda ruwan rijiya yake kwance da safe. Sai an kunna famfo awa biyu a sake aunawa, don ruwan yana sauka. In famfon ya fi ƙarfin rijiyar, zai tsotse ta ya ja yashi ya ƙone. Matashin da ya iya wannan lissafin da gwajin rijiya, ba sai ya jira takardar ɗaukar aiki ba.

Abba_Bunkure:
Na gode ƙwarai. Anti Maryam, to in haka ne ba gara in koyi sola da gyaran inji kawai ba, in bar shekara biyar?

Maryam_Sola:
A'a ƙanina. Koyi hannu a lokacin hutu, amma ka yi karatun. Mai haɗa waya ya san wuta, bai san nawa albasa ke sha ba. Kwangilar ayyukan da Bankin Duniya ko ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi kuma sai da takarda.

Malamin_Gona_Kura:
Ga misalin abin da mai haɗa waya ba zai sani ba. Jigawa tana riƙe ruwa kamar milimita 70 a zurfin mita guda, ƙasa mai laka tana riƙe ninki biyu ko fiye. Saiwar albasa ba ta wuce santimita 30, kuma ba ta son ƙasa ta bushe sosai. A jigawa ke nan ruwan da take iya kaiwa bai wuce milimita 21 ba, in ta sha kashi ɗaya cikin uku sai a ƙara, kusan kullum ke nan kaɗan-kaɗan. Wanda ya cika mata fangali sau ɗaya a mako ya wanke takinsa zuwa ƙasa, kuma ta yi ƙishi kwana huɗu. Tumatir kuwa in aka bar shi ya bushe sannan aka kwarara masa ruwa, 'ya'yan su tsage ko gindinsu ya yi baƙi. Alkama ita lokaci ne: a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta cika ido cikin sanyi. In aka kai Janairu, zafin Maris zai same ta tana ɗaukar ƙwaya, ruwan duniya ba zai cika ta ba.

Usman_Kadawa:
A shinkafa akwai dabarar da ke rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. A sami bututun roba mai tsawon santimita 30, a huda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a fangali har santimita 15 su shige, a kwashe lakar ciki. Bayan dashe ya kama da mako biyu, a bar ruwa ya janye. Ana leƙa bututun. Sai ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa a sake cikawa zuwa santimita 5. Daga mako guda kafin fitar kai zuwa mako guda bayan fure ba a bari ya bushe. Inda take lalacewa wuri biyu ne: gonar da ba a yi mata lebur ba, sai tudu ya ƙone kwari na jiƙe, da kuma inda manomi bai da tabbacin ruwa zai zo ranar da yake so. Mai injin kansa yana karɓarta da sauri don fetur yake ragewa. Na kanal da ke biyan kuɗin ruwa bisa girman gona, ko ya sha kaɗan ko da yawa, me zai sa ya rage?

Hajiya_Auyo:
Ka dawo kan maganata ke nan, Usman. Tsarin biyan kuɗi da amana su ne gaba.

Issoufou_Konni:
Sallama daga Nijar. A nan ONAHA ce ke kula da gandarin noman rani tun 1978, kamar na Ƙonni da na Jirataua kusa da Maraɗi da na bakin kogin Isa, wato kogin Neja, manoma kuma suna cikin kofaratif suna biyan kuɗin ruwa bayan girbi. Masu son fannin suna zuwa makarantar Kollo, ko sashen noma na Jami'ar Abdou Moumouni da ta Maraɗi, ko cibiyar AGRHYMET a Yamai, masu hali su tafi makarantar 2iE a Wagadugu. Amma ina so Abba ya sani sarrafa ruwa bai tsaya ga rani ba. Mafi yawan manoma da ruwan sama suke ci. A jihar Tawa an farfaɗo da fako mai yawa da tassa da rabin wata. Tassa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba takin gida cikin tafi ɗaya ko biyu tun da rani, gara ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ciki a shuka hatsi. Hekta na cin ramuka wajen 10,000. Rabin wata kuma sai bakinsa ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, layi na biyu ya tare tsakanin na farko. In ba a bi layin lebur ba, ruwa ya taru gefe guda ya fasa, ya zama zaizaya. A ƙasa mai laka da ke riƙe ruwa ba a yin tassa, shuka za ta ruɓe.

Dan_Mafara:
Malam Issoufou ya taɓo wurin da aka yi sakaci da shi. Kowa dam yake hange.

Alhaji_Maiurno:
Gaisuwa daga Sudan. Gezira ta fara da dam ɗin Sennar a 1925, fili ne sama da hekta 800,000 tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ruwa na gangarawa da kansa, kuma Hausawa sun daɗe suna aikin auduga a cikinta. Babban abokin gabarta laka ce da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga tsaunukan Habasha lokacin damina, sai ciyawar ruwa. In aka yi sakaci da yashewa shekara biyu uku, ƙarshen kanal ya mutu. In aka yashe da injin tona ba tare da safiyo ba, a zurfafa kanal fiye da zanensa, ruwa ya kwanta ƙasa ya kasa hawa gona. Ɗana, ka koyi aikin safiyo da kyau. Kuma ka kula da lafiyarka: tsargiya tana cikin kanal mai dodon koɗi, ka sa takalmin roba mai tsawo.

Injiniya_Samaru:
Alhaji ya tuna mini da magudanar fitar da ruwa, wadda kowa ke mantawa da ita. Manoma kan cike lambatu su shuka a kai don ƙarin taku biyu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, rana ta busar da shi, kanwa ta fito fari fat a kan kunya. Ƙaramar na'urar auna gishiri tana shiga aljihu: ruwan da ya nuna ƙasa da 0.7 lafiya lau, wanda ya haura 3 matsala ce babba. Kuma a tuna aikin Kudancin Tafkin Chadi a Marte, da aka tsara wa hekta 67,000 a shekarun 1970, tafkin ya ja baya ya bar bakin kanal a tudu. Shi ya sa ake neman bayanan ruwa na shekaru masu yawa kafin a zuba siminti.

Nura_Drip:
Ba wanda ya yi maganar ban ruwan ɗigo. Shi ne gaba, yana kai kashi 90 cikin 100 na ruwan ga shuka.

Bakanike_Wudil:
Yana kaiwa in an kula da shi, Nura. Rubu'in hekta na tumatir a zafin Maris yana shan lita 15,000 a yini, sai ka ga an ɗora tankin lita 2,000, wa zai cika shi sau takwas? Ruwan kogi yana da laka, na wasu rijiyoyi yana da tsatsa, in babu matata mai kyau da ake wankewa kullum, da buɗe ƙarshen layuka a wanke su duk mako, ramukan ɗigon sun toshe kafin girbi. Ɓeraye kuma su huda tiyon don ƙishi. Ga tattasai da tumatir da kankana yana biyan kansa. Ga alkama da shinkafa, a gyara lebur da tsawon kunya ya fi arha.

Yaya_Hadiza_BUK:
Mu koma tambayar yaron ta uku, ba a amsa masa ba. Wuraren aiki: hukumomin raya koguna guda 12, namu na kusa su ne Haɗeja-Jama'are da Sakkwato-Rima da Tafkin Chadi, ma'aikatun ruwa da na gona da hukumomi irin KNARDA mai raya aikin gona a Kano, cibiyoyin bincike kamar IAR Samaru mai tashar gwaji a Kadawa da Cibiyar Noman Tsandauri ta BUK, ayyuka masu wa'adi irin Fadama da ACReSAL, kamfanonin shinkafa da rake da tumatir, sai kamfanonin zane da ƙungiyoyin agaji. Gaskiya guraben gwamnati kaɗan ne, albashin farko kuma ba ya burgewa. Ayyukan wa'adi sun fi biya amma suna ƙarewa. Abin da ke raba masu nema shi ne kwamfuta da rubutu: Excel, da QGIS na taswira, da CROPWAT na lissafin ruwan shuka, da EPANET na bututu, ukun ƙarshe kyauta ake sauke su. Ka iya rubuta rahoto da Turanci, ka iya bayyana shi da Hausar da manomi zai gane. In ka ƙara Faransanci, Nijar da Chadi da Kamaru sun buɗe maka. Digiri na biyu kuma akwai IHE Delft a Holan, ana samun tallafi.

Sani_Gashuwa:
Ni dai ban yarda a ce masa ya dogara da sana'ar kansa tun farko ba. Manomi ba ya biyan kuɗin shawara, kaya yake saya. Sai ya haɗa shawarar da sayar da famfo ko haƙa rijiya, wannan kuwa jari yake so.

Maryam_Sola:
Haka ne Malam Sani, amma dillalan famfo suna neman wanda zai fita gona ya auna musu, don kayan da ake dawo musu da su a ƙone sun ishe su. Daga nan ake farawa.

Abba_Bunkure:
Allah ya ƙara girma. Na je kanal ɗinmu da yamma kamar yadda Malam ya ce. Faɗi santimita 60, zurfi 15, karan ya yi sakan 31 da 29 da 30. Na sami lita 24 a sakan. Amma gefen kanal ɗin a kwance yake, sama ya fi ƙasa faɗi, wanne zan ɗauka?

Malamin_Gona_Kura:
Madalla. Auna faɗin saman ruwa da faɗin gindi, ka haɗa ka raba biyu, shi za ka ninka da zurfi. In saman 60 ne gindin 40, da 50 za ka yi aiki, sai ya sauko lita 20. Gobe ka sake aunawa a ƙarshen layin, wajen gonar ƙarshe, a lokaci guda da wani ya auna maka a bakin ƙofa, kuma ka tabbata ba wanda ke ɗiba a tsakani. Kawo mana lambobin biyu da nisan da ke tsakaninsu.